Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisun Gudanarwa Da Shugabannin Jami'o'i: Ku Dinga Tambayarmu Kafin Ku Yanke

Ranku ya daɗe shugabannin majalisun gudanarwa, shugabannin jami'o'i da mataimakanku, rajistarori, da duk wanda sa hannunsa ke juya aikin ma'aikacin jami'a, ina gaishe ku da girmamawa.

Ni ma'aikacin jami'a ne, kuma maganar da zan yi ba sabuwa bace a kunnenku, kun sha jinta a bakin ƙungiyoyi kun sha ganinta a takardun koke, amma yawanci sai rigima ta ɓarke ake yinta, lokacin kowa ransa a ɓace ba mai sauraron kowa, shi ya sa na ga gara in rubuto ta yanzu cikin natsuwa. Ana yanke hukunci a kan aikinmu ba a tambaye mu ba, sai an gama komai har an ba da kwangila ko an buga sakula sannan a kira mu miting a ce ana neman shawararmu. Gaskiya ranku ya daɗe wannan sanarwa ce kuka kira mu ku yi mana, kuma mun sani, ku ma kun san mun sani.

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar malamai ta jami'a, wato sanet, ko kwamitin tsangaya, ya san yadda abun ke tafiya. Miting gobe da safe, takardun sai yau da daddare zasu shigo imel, fayil mai kauri wanda ko mutum ya kwana bai runtsa ba ba zai gama shi ba, ga ajanda doguwa, sannan maganar da ta fi komai nauyi, misali haɗe sassa biyu su zama ɗaya ko rufe wani kwas ko sauya ƙa'idar ƙarin girma, ita ce can ƙasa kusa da ƙarshe. Za a ɓata awanni kan gyaran minit ɗin da ya wuce da amincewa da sakamakon jarrabawa, kafin a iso wajen maganar rabin mutane sun tafi aji, waɗanda suka rage sun gaji, sai shugaba ya ɗago kai ya ce akwai mai ja? Shiru. To an amince. Bayan sati biyu minit ya fito an rubuta wai majalisa ta tattauna sosai ta amince baki ɗaya. A takarda komai ya bi ƙa'ida, babu wanda zai ce an karya doka, amma fa mutanen da zasu ɗauki nauyin aiwatar da abun nan babu wanda ya samu damar ya karanta shi balle ya ce ga inda zai ba da matsala.

Kuma wannan ma malamai kenan, su da ake cewa suna da kujera. Sauran ma'aikata fa? Wannan shi ne abun da ya fi damuna a duk maganar. Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, ma'aikacin laburare, wanda ke riƙe da fayil ɗin ɗalibai a ofishin rajistara, ma'aikatan asibitin jami'a, masu gyaran wuta da famfo, masu gadi, masu shara, direbobi, waɗannan a wurare da yawa babu ma ƙofar da zasu bi maganarsu ta isa teburin da ake yanke hukunci, sai dai ta hanyar ƙungiya, ita kuma ƙungiya an fi sauraronta idan ta yi barazanar yajin aiki.

Na ga an gina sabon ɗakin gwaje-gwaje mai kyau daga waje, fenti fes, an yi bikin buɗewa, da mai kula da ɗakin ya shiga ranar farko bai yi minti goma ba ya nuna cewa wajen wanke kayan aiki babu magudanar da zata ɗauki ruwan sinadarai, na'urar da ke zuƙe hayaƙi an kafa ta a bangon da babu hanyar fitar da bututu, soket ɗin wuta kuma suna ƙasa daidai inda ruwa ke zuba. Ya tsaya yana ta kallon bangon yana girgiza kai. Mutumin nan ya shekara da shekaru yana wannan aiki, ofishinsa bai fi taku kaɗan ba daga inda aka yi ginin, kullum yana wucewa yana ganin ana ɗora bulo, babu wanda ya taɓa kiransa ya nuna masa zanen. Da aka zo gyara sai da aka fasa bango aka sake kashe kuɗi, ɗalibai kuma suka yi semista guda suna karanta gwajin a littafi. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Haka nan idan aka sayo sabuwar manhajar shigar da sakamako ba a zauna da jami'an jarrabawa na sassa ba, su da suka san matsalar ɗalibin da ke da kwas ɗin da ya faɗi tun shekarar farko, da wanda ya sauya sashe, da wanda ya jinkirta karatu saboda rashin lafiya, sai an fara aiki da ita a gano bata san da irin waɗannan ba, sunaye su ɓace, ɗalibi ya yi ta zarya ofis ofis, kuma wanda za a zaga a kai shi ne ƙaramin ma'aikacin da ke bakin taga wanda ko sunan kamfanin da ya yi manhajar bai sani ba.

Na san amsar da ake bayarwa, cewa jami'a ta girma, kuɗi sun yi yawa, gwamnati da masu ba da tallafi suna son a yi abu da sauri, ba za a tsaya jiran ra'ayin kowa ba. Akwai gaskiya a ciki kuma zan dawo kanta. Amma kafin nan ina so mu tuna cewa shigar ma'aikata cikin mulkin jami'a ba alfarma bace da wani shugaba mai kirki ya ƙirƙiro, da ita aka haifi jami'ar. Jami'ar Bolonya ta Italiya, wadda ake lissafin farkonta daga 1088, ɗalibai ne suka haɗa kansu suke ɗaukar malamai har suna cin tararsu idan sun makara. A Faris ta Faransa kuma malamai ne suka haɗa ƙungiyarsu suke mulkin kansu, a 1229 suka samu saɓani da hukumomin gari suka dakatar da karatu suka watse kusan shekara biyu, sai a 1231 Fafaroma Gregory na tara ya fitar da takardar da ta amince musu su tsara dokokinsu da kansu. Ofisoshin gudanarwa duk daga baya suka zo, kuma sun zo ne don su sauƙaƙa wa masu koyarwa da masu koyo aikinsu.

Har yau ma akwai inda abun bai mutu ba. A jami'ar Oksfod ta Ingila iko na ƙarshe yana hannun babban taron ma'aikata mai mambobi dubbai, malamai da manyan ma'aikatan bincike da na laburare da na ofis. A 2006 shugaban jami'ar na lokacin, John Hood, ya kawo tsarin da zai sa mutanen waje su zama mafi rinjaye a majalisar gudanarwa, aka yi muhawara a fili, aka kaɗa ƙuri'a a zauren suka ƙi, aka sake yin ƙuri'a ta gidan waya don kowa ya samu dama suka sake ƙi, shi kenan magana ta mutu. Ba ina cewa duk abun da taron nan ya yanke daidai bane, amma ku duba, jami'ar da ke da irin wannan tsari bata durƙushe ba, tana nan cikin na gaba gaba a duniya, don haka maganar cewa sai an toshe bakin ma'aikata jami'a zata ci gaba bata da tushe.

A Jamus tun wajen ƙarshen shekarun 1960 suka koma tsarin da ke raba kujerun majalisun jami'a tsakanin rukuni huɗu, farfesoshi, sauran malamai da masu bincike, ɗalibai, da ma'aikatan da ba sa koyarwa. Farfesoshi suka ga an rage musu ƙarfi suka je kotu, a 1973 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa a maganar koyarwa dole su riƙe rabin ƙuri'u, a maganar bincike da naɗa farfesoshi kuma dole su fi rabi, amma bata kori sauran daga teburin ba. Wannan hukuncin yana burge ni saboda ya warware wani tsoro da nake yawan ji a bakin abokan aikina malamai, wai idan aka ba ma'aikatan ofis kujera zasu zo suna yanke mana abun da zamu koyar. Babu wanda ya nemi haka. Kowace magana akwai waɗanda suka fi cancanta su yi rinjaye a kanta, manhajar karatu da digiri na malamai ne, amma maganar tsaron harabar jami'a da daddare ko tsarin aikin kwana a asibiti ko yadda za a adana fayil, wallahi farfesa bai fi mai gadi ko nas ko akawu sani ba.

Sikotlan ma a 2016 ta yi doka ta ce dole majalisar gudanarwar kowace jami'a ta ƙunshi mutum biyu da ma'aikata suka zaɓa, da mutum biyu daga ƙungiyoyin ƙwadago, ɗaya na malamai ɗaya na sauran ma'aikata, da ɗalibai biyu, kuma shi kansa shugaban majalisar ma'aikata da ɗalibai ne ke kaɗa masa ƙuri'a. Afirka ta Kudu a dokarta ta 1997 ta ce aƙalla kashi 60 cikin ɗari na majalisar su zama mutanen waje, amma ta ware kujeru ga malamai da ma'aikatan da ba malamai ba, ta kuma kafa wani zaure daban da ya haɗa kowane ɓangare don ya dinga ba majalisar shawara har kan naɗin manyan shugabanni. A Najeriya dokar jami'o'in tarayya da aka gyara a 2003 ta ba sanet kujera huɗu a majalisar gudanarwa, babban taron ma'aikata kujera biyu, tsofaffin ɗalibai kujera ɗaya, sai dai shi babban taron na masu digiri ne, kenan ƙaramin ma'aikacin da bashi da digiri ko ya shekara talatin yana aiki bashi da ƙuri'a a wajen. Kowace ƙasa da nata tsarin, amma babu wadda ta ce ma'aikaci bashi da ta cewa.

Akwai kuma abun da ƙasashe suka amince da shi tare. A watan Nuwamba 1997 babban taron UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zartar da shawarwari kan matsayin malaman manyan makarantu, a ciki an faɗa ƙarara cewa suna da haƙƙin shiga hukumomin mulkin makarantunsu, da haƙƙin sukar yadda ake tafiyar da su har da wadda suke aiki a cikinta, da haƙƙin zaɓar mafi yawan wakilan majalisun da ke kula da harkar ilimi. Wannan na sukar makarantar da mutum yake aiki a ciki ina roƙonku ku sake karanta shi, domin a nan ne ake yawan samun matsala. Mutum ya tashi a miting ya yi tambaya kan kuɗin wani aiki, gobe a ce bashi da biyayya, jibi takardar neman hutun karatunsa ta maƙale a wani ofis, ƙarin girmansa ya yi ta jinkiri ba dalili, ba sai an kore shi ba, sauran duk sun gani sun ɗauki darasi. Daga nan sai ku ga miting ya zama tsit, ku ɗauka kowa ya gamsu, alhali magana ta koma ƙarƙashin bishiya da guruf ɗin WhatsApp, can ake faɗin gaskiyar da ya kamata ku ji.

To bari in dawo kan maganar sauri, don bana son in yi kamar babu ita. Holan ta gwada ba ma'aikata da ɗalibai iko sosai a dokar 1970, majalisun da aka zaɓa suna yanke hukunci har kan kasafin kuɗi, aka yi ta kukan cewa abu ba ya tafiya, miting ba ya ƙarewa, siyasa ta yi yawa, har a 1997 aka sauya doka aka mayar da yawancin iko hannun 'yan ƙalilan masu gudanarwa. A Birtaniya rahoton kwamitin Jarratt na 1985 kan yadda ake tafiyar da jami'o'i shi ya kawo tunanin a ɗauki shugaban jami'a kamar shugaban kamfani. Denmak a 2003 ta daina zaɓen shugabannin jami'a, ta kafa hukumomin da mutanen waje suka fi yawa su suke naɗawa. Duk waɗannan sun faru ne saboda tsohon tsarin yana da nasa ciwon, kuma ni ma na yarda majalisar da ke da mambobi ɗaruruwa ba zata iya zama ta tsara kasafin kuɗi layi layi ba, dole akwai wanda zai ɗauki alhaki ya sa hannu.

Amma ku duba abun da ya biyo baya. A Denmak ba a yi shekara goma ba sai da aka koma aka gyara dokar a 2011 aka wajabta wa jami'o'i su tabbatar ana shigar da ma'aikata da ɗalibai cikin manyan shawarwari, saboda koke ya yi yawa. A Amstadam ta Holan a 2015 ɗalibai tare da goyon bayan malamai da yawa suka mamaye ginin gudanarwar jami'a na makonni kan rage kuɗin wasu tsangayoyi da kuma rashin jin muryarsu, har shugabar hukumar gudanarwar ta sauka. A jami'ar Bajiniya ta Amurka a watan Yuni 2012 shugabannin hukumar gudanarwa suka tilasta wa shugabar jami'ar, Teresa Sullivan, ta ajiye aiki ba tare da sun tuntuɓi malamai ba kuma ba tare da gamsasshen bayani ba, majalisar malamai ta ce bata yarda da hukumar ba, mutane suka cika harabar, cikin kwana 16 hukumar ta dawo da ita kan kujerarta. Ina saurin yake a nan? Lokacin da ake ganin an tsira da shi ta hanyar tsallake mutane ana biyansa daga baya ninki biyu, a yajin aiki, a kotu, a gyaran abun da aka yi ba daidai ba, sannan akwai wanda ya fi duka tsada wanda ba a gani a lissafi, wato ma'aikacin da ya daina damuwa, ya zo ya yi iya abun da aka rubuta masa ya tafi gida, ya ga ɓaraka ba zai faɗa ba tunda ya san ba a jin tasa.

Abun da nake roƙo ba mai wuya bane kuma yawancinsa ba ya buƙatar a taɓa doka. A dinga turo takardun miting da wuri, ko da mako guda ne kafin ranar, kuma idan takarda bata iso a kan lokaci ba a ɗage maganar zuwa zama na gaba sai dai in gaggawa ce ta gaske wadda kowa zai gani. Manyan maganganu a sa su a farkon ajanda lokacin da kai ke sanyi. Sannan a kawo mana magana tun tana ɗanya, tun akwai zaɓi biyu ko uku a gaba, a ce ga matsalar ga hanyoyin da muke dubawa me kuka gani, domin idan aka kawo abu guda ɗaya an riga an gama ƙulla shi, duk wanda ya yi gyara sai ya zama kamar yana adawa da shugaba, mutane da yawa kuma basa son haka sai su yi shiru.

Maganar kuɗi kuwa a nan ne ake fi rufe ƙofa, kuma a nan ne zargi ya fi yawa. Ma'aikaci yana ganin ana gina sabuwar ƙofar shiga mai ado alhali rufin ajinsa na zuba, ba zai san cewa wataƙila kuɗin ginin tallafi ne da aka ɗaure shi da sharaɗin ba za a kashe shi a wani abu ba, tunda ba a taɓa nuna masa ba, sai ya kammala cewa an ci kuɗi ne. Ku da kanku kuke cutuwa da wannan ɓoyon. Ku fito da kasafin kuɗi a taƙaice yadda kowa zai gane, ga abun da ya shigo daga gwamnati, ga na kuɗin makaranta, ga na tallafi, ga abun da albashi ya cinye, ga na wuta da ruwa, ga ɗan abun da ya rage wanda ake da zaɓi a kansa, sannan a zauna da wakilan ma'aikata kan wannan ragowar. A Holan tun 2015 majalisar ma'aikata da ɗalibai sai ta amince da manyan ginshiƙan kasafin kuɗin jami'a kafin ya wuce, kuma jami'o'insu suna nan suna aiki. Ko ba a kai nan ba, a bari dai mu gani mu yi tambaya.

Wakilai kuma a bari mu zaɓe su da kanmu ta ƙuri'ar sirri. Idan shugaba ne ya ɗauko mutum ya ce shi ne wakilin ma'aikata a kwamiti, to wakilin shugaba ne, ko da mutumin kirki ne, domin ya san wanda ya kawo shi. Haka shugabancin sashe da na tsangaya, inda ake naɗawa daga sama kawai za ku ga shugaban sashe yana kallon sama ne kullum, ba ya iya kai kukan mutanensa da ƙarfi. Kuma a buɗe kujera ta gaskiya mai ƙuri'a ga ma'aikatan da ba sa koyarwa, manya da ƙanana, har da malaman wucin gadi da masu aikin kwantiragi waɗanda a jami'o'i da yawa su ke ɗauke da azuzuwan farko masu cunkoso amma ko sanarwar miting ba a tura musu. Idan ƙaramin ma'aikaci zai zauna a kwamiti a rage masa wani aikin ranar, a kuma yi masa bayanin takardun, kar a kawo shi ya zauna cikin manya ya kasa buɗe baki sannan a ce ai ga shi an basu dama basu yi amfani da ita ba.

Sai abu ɗaya da nake ganin ya fi duk sauran, wato amsa. Ba dole bane ku karɓi duk shawarar da muka bayar, wani lokacin kuna ganin abun da bamu gani, doka ce ko bashi ne ko umarnin gwamnati. Amma idan kuka ƙi, ku faɗa mana dalili a rubuce. Sanarwar da ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka ta fitar a 1966 tare da ƙungiyoyin shugabanni da na hukumomin gudanarwa, wadda har yau ake komawa gare ta a wannan fanni, abun da ta tsaya a kai kenan, cewa a harkar manhajar karatu da koyarwa da bincike da matsayin malamai maganar malamai ce gaba, kuma idan hukuma zata saɓa musu ya zama a yanayi na musamman tare da bayyana dalili. Mutum zai iya haƙura da hukuncin da bai so ba idan ya ga an karanta abun da ya rubuta an amsa masa, abun da ba ya haƙuruwa shi ne kwamiti ya yi wata da watanni yana aiki, ya zagaya sassa ya tattara ra'ayi ya miƙa rahoto, rahoton ya shiga durowa, bayan shekara a kafa wani sabon kwamitin kan magana ɗaya. Wa zai sake ba da lokacinsa?

Mu ma ma'aikata akwai namu, kuma ba zan ɓoye shi ba don ina rubuta muku. Ana kiran babban taro mutane basa zuwa sai in maganar alawus ce. Akwai wakilan da muke zaɓa da sun shiga majalisa shi kenan ba a ƙara jin ɗuriyarsu, basa dawowa su faɗa mana me aka tattauna, wasu ma kujerar tsani ce ta neman muƙami. Akwai zaɓen da ake yi kan ɓangaranci da abota a bar wanda ya iya aikin. Akwai raini tsakanin malamai da sauran ma'aikata wanda ke sa ko an zauna tare ba a jin juna, kowa na ganin ɗayan ne ya tare masa hanya. Wannan aikinmu ne mu gyara, wakili ya dinga kawo rahoto bayan kowane zama, wanda bai yi ba a sauke shi a zaɓe na gaba. Sai dai ina so ku lura, rashin zuwa miting ɗin nan yawancinsa daga gogewa ya samo asali, mutane sun je sun je sun ga zuwansu bai sauya ko waƙafi ba. Ranar da aka ga magana ta shiga zaure a wata siffa ta fito a wata saboda wani ya yi gyara mai ma'ana an karɓa, za ku ga kujeru sun cika ba tare da an yi wa kowa barazanar rubuta sunansa ba.

Ku kuma mambobin majalisa da kuka zo daga waje, 'yan kasuwa da lauyoyi da tsofaffin ma'aikatan gwamnati, muna buƙatarku, domin jami'a da dukiyar jama'a take aiki kuma bai kamata mu zama mu kaɗai ke duba kanmu ba. Amma kuna zuwa ne sau 'yan kaɗan a shekara, kuma kusan duk abun da kuka sani game da jami'ar ta hannun ofishin shugaba yake zuwa muku, shi ya tsara takardun shi ya tsara inda za a zagaya da ku. Ku nemi ku zauna da wakilan ma'aikata ba tare da shugabannin gudanarwa a ɗakin ba ko da sau ɗaya ne a shekara, ku shiga laburare da ɗakunan gwaji da ofishin jarrabawa ba tare da an shirya muku tarba ba, ku tambayi wanda kuka tarar me ke hana shi aiki. Kuma duk takardar da aka kawo muku don amincewa, ku fara da tambayar su wa aka tuntuɓa, yaushe, me suka ce, me aka sauya saboda abun da suka ce. Idan babu amsa ku mayar da ita.

Musamman wajen zaɓen sabon shugaban jami'a, wanda shi ne hukunci mafi girma da kuke yankewa, a sa wakilan malamai da na sauran ma'aikata a kwamitin tantancewa da cikakkiyar ƙuri'a, a bayyana ma'aunin da za a bi tun kafin a san su wa suka nema, kuma waɗanda suka kai zagayen ƙarshe su tsaya gaban ma'aikata su faɗi abun da suke niyyar yi a yi musu tambayoyi.

Ina roƙon a sa wannan magana a ajandar zamanku na gaba, a sama ba a ƙasa ba, a gayyaci wakilan kowane rukuni na ma'aikata su zo su yi magana da bakinsu, kuma abun da kuka yanke a kai a fito da shi a rubuce kowa ya gani tare da ranar da za a fara aiki da shi. Allah ya taya ku riƙo.

Naku cikin girmamawa,
Wani ma'aikacin jami'a